Furen da Ke Kan Kabarin Nayden

Mutumin da aka raɗa wa fure sunansa ba ya mutuwa. Sarki kan gina fada a zo a rushe ta, janar kan ci yaƙi a wayi gari an sauya wa titinsa suna, amma fure duk shekara sai ya fasa ƙasa ya fito, kuma duk wanda ya durƙusa ya dube shi dole ya ambaci mai shi. Wannan ita ce gaskiyar da Malam Anastas Drenkov ya gano bayan ya ajiye alli, ya bar koyar da ilimin tsirrai a sakandaren garin Lovec na ƙasar Balgeriya, ya kwaso littattafansa da ciwon gwiwarsa ya dawo ƙauye, gidan da iyayensu suka bari. Yakan faɗe ta a teburin cin abinci, tsakanin miyar wake da kindirmo, a gaban ƙanwarsa Petrana, wadda ita kaɗai ta rage tana saurarensa ba don tsoron jarrabawa ba.

Petrana ke riƙe da gidan tun rasuwar mijinta. Bayan gidan akwai fili inda mahaifiyarsu ta yi shekaru tana shuka tumatir da tattasai da kabeji. Da Anastas ya dawo ya tuge su duka, ya shuka kokice, ɗan farin furen nan da ke leƙowa cikin dusar ƙanƙara tun hunturu bai tafi ba, kansa a sunkuye kamar wanda aka kama da laifi. Tun daga lokacin ake sayen tumatir a gidan.

A idon Petrana kokice kokice ne. A idon wanta kuwa akwai iri fiye da yadda za a ƙirga, kuma bambancin duk yana cikin furen, a wani ɗan koren ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba. Wani ɗigon kamar kofaton doki, wani kamar gashin baki, wani an ce kamar fuskar mai fushi. Tun da furen ƙasa yake kallo, sai mutum ya durƙusa a cikin ƙanƙara ya zura masa ɗan madubin likitan haƙori kafin ya ga abin da ya saya. Haka Anastas ya ƙarasa gwiwoyin da aikin gwamnati ya rage masa.

Yana da abokai a wannan harka, tsofaffi irinsa da suka kafa ƙungiya. Sukan zo a watan Fabrairu su yi layi a bayan gidan, kowa gindi a sama, suna yabon furannin juna da muryar da ake yin ta'aziyya. Kowannensu yana da irin da ya yi odarsa daga Ingila, mai ɗauke da sunan wata matar fasto ko wani kanar da ya mutu. Babu ɗaya a cikinsu da ke da fure mai sunansa. Petrana takan dafa musu kofi, ta goge taɓon da suka shigo da shi.

Ita ma tana da nata kokicen, amma ba a gida yake ba. Nayden, mijinta, mai gadin gandun daji ne, mutum marar yawan magana. Wata rana ya sauko daga dutse da wani abu ƙunshe a hankici cikin aljihun kwat ɗinsa, ya ajiye mata a kan tebur ya wuce wanke hannu. Shi ne kaɗai furen da ya taɓa ba ta a duk zaman aurensu, shi ma da saiwarsa da taɓonsa ya zo. Ta dasa a bakin ƙofa. Da zuciyarsa ta tsaya a kan hanyar daji aka kawo shi a bayan motar katako, sai ta tono furen ta mayar kan kabarinsa. Can ya ji daɗin ƙasa. Ya yaɗu kamar faranti, ya koma kamar tire, kuma kullum yana buɗewa daidai Asabar ɗin matattu ta gabanin babban azumin coci, ranar da kowa ke zuwa maƙabarta da kyandir da ruwan inabi da dafaffiyar alkama mai sukari.

Mitra, yayar Nayden, ita ke kiransa furen ƙanena. Ta yanke hukunci tun tuni cewa muddin yana fitowa, Nayden yana kwance lafiya. Mace ce da ba ta taɓa yafe wa Petrana rashin haihuwa ba, amma ta yafe mata sauran laifuffukanta saboda wannan furen. Har yau amarya take ce mata, duk da furfurar da ta cika kawunansu su biyun. Duk dangin Nayden da suka rage wa Petrana a duniya, Mitra ce da ɗanta, wanda ke ɗaukarsu a motarsa zuwa maƙabarta, can bayan kogi.

Anastas ba ya zuwa maƙabarta. A ganinsa matattu taki ne, kuma bai ga dalilin kai wa taki ziyara ba. Amma a shekarar da abin ya faru kafaɗar Petrana ta riƙe, sai ya bi su don ya ɗaukar mata kwando. Yana tsaye yana duba agogo, sai idonsa ya faɗa kan kabarin. Ya ajiye kwandon. Ya durƙusa a hankali, gwiwa bibbiyu, ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa.

Mitra ta zunguri Petrana. "Amarya, duba wanki. Ashe Allah yana kama irinsu tun a nan."

Ba addu'a yake yi ba. Ya ga abin da bai taɓa gani ba sai a hoto: ɗigon cikin furen rawaya ne, ba kore ba, kuma ɗan ƙullin da furen ke rataye a jikinsa shi ma rawaya, kamar kwaiduwar ƙwai. A mota bai ce uffan ba, abin da ya sa Mitra ta ƙara tabbata cewa ya shiryu.

Daga ranar Petrana ba ta sake shan miya cikin kwanciyar hankali ba. Ya bayyana mata cewa irin wannan babu shi a duk Balgeriya, wataƙila ma a duk duniya. Ya ce laifi ne ga ilimi a bar shi a wurin da ɓera ɗaya zai iya cinye shi a dare ɗaya. Ya ce Nayden da kansa, da ya san abin da ya tsinto, da shi zai fara kawo wa. Ta tambaye shi ko sunan Nayden za a sa wa furen. Ya ce wannan magana ce ta gaba, akwai ƙa'idoji, kuma dai Drenkov ai sunan gidan ubanta ne ita ma.

Ta ce kabari ba gona ba ne. Ya ce ba gawa zai tono ba, 'yar albasar furen kawai yake so, wadda zurfinta bai wuce yatsa ba. Ta ce to Mitra fa? Ya ce Mitra ba ta iya bambance kokice da tafarnuwa. Haka suka yi ta yi har ganyen ya bushe, bazara ta shigo. Petrana ta taso ne a gidan da in Yaya ya yi magana ake ajiye cokali, kuma shekaru ba su canja wannan ba, sun dai sa tana ajiye cokalin a hankali. A ƙarshe ta yarda, bisa sharaɗi: biyu ko uku daga gefe, ba daga tsakiya ba, kuma kada Mitra ta ji.

"Daga gefe, Yaya," ta sake faɗa ranar da zai tafi.

"Na ji. Ni ma fa na yi makaranta."

Shi kaɗai ya je, da sassafe, da 'yar shebur a jakar kasuwa. Da ya dawo ya nufi kicin, ta tare ƙofa ta ce ta goge ƙasa yanzu, ya yi aikinsa a teburin waje, ƙarƙashin inabi. Bai kawo komai a ransa ba. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya goge reza da barasa, ya shiga yanka albasoshin sala-sala, sirara kamar farce. Wannan ita ce dabarar masu harkar: albasa ɗaya in an bar ta sai ta shekara kafin ta haifi ɗiya guda, in kuwa an yayyanka ta an zuba a leda da yashi mai ɗanshi, kowane sala zai fitar da tasa. Petrana ta leƙo ta taga ta ga ledoji sun yi yawa, amma ba ta san sala nawa ake samu a albasa ɗaya ba, kuma ba ta so ta sani.

Ya jera ledojin a kwalin takalmi ya rufe. Washegari zai tafi wurin wankan ruwan zafi inda ake gasa wa 'yan fansho gwiwa, daga can ya wuce birnin Sofiya wurin 'yarsa. Ya ba ta umarni kamar mai barin wasiyya: kwalin yana son duhu, ba zafi ba sanyi, har kaka. Wurin da ya fi dacewa a duk gidan shi ne ƙasan kabad ɗin kayanta, a ɗakin da rana ba ta shiga. Ta ce to.

Bas ta tafi da shi. Petrana ta dawo ta ɗauki kwalin daga teburin waje, ta zo bakin ƙofa, ta tsaya.

Abin da ya fito daga maƙabarta ba ya shiga gida. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya koya mata wannan, kamar yadda ba a koya wa mutum kada ya sa hannu a wuta. Mahaifiyarsu takan tsayar da su a bakin shinge su wanke hannu su karkaɗe takalmi, ko kwanon da aka kai alkama sai an juye shi tas a can. Wanda ya shigo da ƙasar kabari ya gayyato mai ita, kuma in ya zo ba ya komawa shi kaɗai. Petrana ta yi makaranta, ta yi aiki a gidan waya har ta yi ritaya, ta san ƙasa ƙasa ce. Ta kuma san abin da ke cikin kabad ɗin: kwat ɗin Nayden, da baƙar rigar da ta ware wadda za a sa mata in ranarta ta zo. Ta yi ta tsayuwa har hannunta ya gaji. Sannan ta juya ta nufi rumfar ajiya da ke ƙarshen fili, mai rufin kwano, ta ɗora kwalin can saman kantar katako, kusa da rufi, inda kaji ba za su kai ba. Duhu dai akwai shi. Ai duhu ya ce.

Bazarar bana ta yi zafin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba, kamar yadda suke faɗa kowace shekara, sai dai wannan karon da gaskiyarsu. Rijiyoyi suka ja baya. Kwanon rumfar da rana ba ya taɓuwa.

Anastas ya dawo ƙarshen Agusta, ya yi ƙiba, yana tafiya ba sanda. A Sofiya ya riga ya shaida wa duk wanda ya kamata, da wasu da bai kamata ba, cewa nan da 'yan shekaru za a ji sunan Drenkov har Ingila. Ko jaka bai ajiye ba ya wuce ɗakinta. Ta ji ya buɗe kabad, sannan ta ji ya kira sunanta. Ta kai shi rumfa.

Ya sauko da kwalin. Warin ya riga murfin buɗewa. A cikin kowace leda akwai wani baƙin ruwa mai kauri, da furfurar ruɓa a sama. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa a hasken ƙofa, kamar akwai wadda za ta ba shi wata amsa dabam.

Da ya sami bakin magana, ya yi ta da kyau. Ya ce shekara talatin yana yaƙi da jahilci a aji, ashe jahilcin yana gida yana dafa masa wake. Ya ce an ƙone masana a da saboda irin tunaninta. Ya tambaye ta ko ta zaci Nayden zai biyo ledar ne ya shigo ya nemi silifas ɗinsa. Petrana ta tsaya tana kallon ƙasa. Ta san ta yi laifi, sai tausayin tsohon ya kama ta.

"Ka yi haƙuri, Yaya. Ni na ɓata. Amma ai ba a rasa duka ba, sauran suna can. In Allah ya kai mu baɗi sai ka ɗebi wasu, ka ajiye a gidan abokinka."

Anastas ya mayar da ledar cikin kwali. Ya gyara murfin, ya sake gyarawa.

"Yaya."

"Ki gane, a irin wannan aiki ba a san wadda za ta kama ba. Dole a yi da yawa."

"Nawa ka bari?"

"Kuma in an bar wasu a can, kowa zai iya zuwa ya tona. Wannan likitan haƙorin na ƙungiyarmu, kin san halinsa."

"Nawa ka bari a kan mijina?"

Ya ce bai bar ko ɗaya ba. Kuma da yake shi mutum ne mai yin aiki tsakani da Allah, ya ƙara da cewa sai da ya tankaɗe ƙasar da rariya don kada 'yan ƙanana su ɓuya, sannan ya mayar ya daddale yadda ba mai ganewa. Ko a wannan lokacin akwai ɗan alfahari a muryarsa.

Petrana ba ta yi kuka ba. Ta karɓi kwalin daga hannunsa, ta kai bayan shinge ta haƙa rami ta binne, ta wanke hannu a bakin famfo, ta shiga ta ɗora tukunya, don lokacin abinci ya yi.

Da daddare bai ci da yawa ba. Washegari ya ci. Kafin sati ya zagayo ya samo bayanin da zai yi wa ƙungiya: wata cuta ce ta shiga ledojin, daga gurɓataccen maganin da ake shigowa da shi daga waje. Har lacca ya yi a kai a ɗakin karatu na ƙauye, aka tafa masa. Abu ɗaya ya roƙe ta, shi ne kada Mitra ta ji, domin bakin Mitra ya fi rediyo nisa, kuma ana maganar ba shi shugabancin ƙungiya. Mutum mai matsayi irin nasa ba zai so a riƙa ce masa mai tonon kabari ba. Petrana ta ce Mitra ba za ta ji ba. Ko bai roƙa ba ba ta da bakin faɗa, tun da ita ta ba da izni.

Duk da haka ta sa rai. Rariya ma ai tana da huda. Da hunturu ya kama ta riƙa zuwa maƙabarta ita kaɗai, a ƙafa, tana share ƙanƙara da tafin hannu tana duba ƙasa. A kaburburan maƙwabta koren tsinin ganye ya fara fitowa. A bayan gidansu ma matan fastoci da kanar-kanar na Ingila duk suka fito a kan lokaci. A kan Nayden ƙasa ce kawai, lallausa, ba ko tsakuwa. Ta yi tunanin ta tono na gida ta dasa, ta tuna Mitra, wadda ba ta san sunan ko wane fure ba amma ta san na ƙanenta kamar yadda ta san fuskarsa.

Asabar ɗin matattu ta zo da yayyafi mai haɗe da ƙanƙara. Anastas ya ce gwiwarsa ta tashi, kuma yana da baƙi daga ƙungiya da rana. Ɗan Mitra ya zo da mota ya ɗauki Petrana. A hanya Mitra tana ta labarin wanda ya mutu da wanda ya kamata ya mutu, har suka iso.

Mitra ta riga kowa isa kabarin, da sandarta. Ta tsaya. Petrana ta ajiye kwando, ta kunna kyandir, iska ta kashe, ta sake kunnawa.

"Amarya, ina furen ƙanena?"

"Bai fito ba bana."

"Na ga bai fito ba, ba makauniya ba ce ni. Na kowa ya fito. Har na wancan mashayin da ko kare ba ya zuwa dubawa. Me kika yi masa?"

Matan da ke kaburburan kusa sun rage murya. Petrana ta ga ba su juyo ba, ta kuma san duk suna ji.

"Ciyawa ta yi yawa da bazara," ta ce. "Na sa fartanya. Ina jin na yi zurfi."

"Kin sa fartanya."

"Na manta suna ƙasa."

Mitra ta dube ta tun daga ɗankwali har takalmi. Ba ta ɗaga murya ba, abin da bai taɓa faruwa ba.

"Ɗa ba ki ba shi ba, ban ce komai ba. Abu ɗaya ya bar miki, ba ya cin abinci, ba ya neman ruwa, ba abin da yake so sai a ƙyale shi. Shi ma ya fi ƙarfinki."

Petrana ta buɗe kwanon alkama, ta ɗebo a ɗan kofi ta miƙa mata, yadda ake yi, don mai karɓa ya ce Allah ya gafarta wa mamaci. Mitra ta dubi kofin. Ta juya ga kabarin ta ce Allah ya gafarta maka, Nayden, ta zuba masa ruwan inabi daga nata kwalbar, ta kama hannun ɗanta suka nufi wajen kabarin iyayenta. Petrana ta rarraba alkamarta ga matan kusa. Suka karɓa, suka yi addu'a, ba wadda ta haɗa ido da ita.

Da ta fito bakin maƙabarta motar ba ta nan. Sawun tayarta kawai ta gani, ruwa yana taruwa a ciki. Ta ɗaura ɗankwali da kyau, ta rataya kwandon a kafaɗar da ba ta ciwo, ta kama hanya. A kan gada wata motar katako ta wuce ta watsa mata taɓo har gwiwa. Ba ta tsaya gogewa ba.

Ta tarar da baƙin sun iso. Suna bayan gida su biyar, sun yi layi a durƙushe, lema a hannu ɗaya, madubi a ɗayan. Anastas yana tsakiyarsu, gwiwar ta warke, yana ba su labarin wani mai rawayan ɗigo da ya taɓa riƙewa da hannunsa, wanda ba don sakacin masu sayar da magani ba da yanzu duniya ta san shi. Ya ce amma ya ji ana samun irinsa a wani kwari can saman dutse, kuma in bazara ta yi zai nemi wanda zai kai shi.

Ya ɗago ya gan ta a bakin shinge tana wanke hannu.

"Yauwa, ga ta nan. Petrana, a ɗora mana kofi, mutane sun daskare." Ta nufo ƙofa ta 'yar hanyar da ke tsakanin furannin. "Ke, kula da ƙafarki mana. Wannan na gabanki daga Ingila ya zo."

Ta janye ƙafar. Ta sauka daga kan hanyar ta zagaya ta cikin taɓo, ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta shiga ta ɗauko kofuna.